Gumin Gilashi da Kuɗin Ɗumi

Kusan duk motar hayar da ke bin hanyar Yamai zuwa Damagaram tana da tsummanta. Wani direban yana cusa shi kusa da giya, wani ya rataye shi a wuyan sitiyari, wani kuma ya bar shi a hannun yaron mota. Da rani aikinsa share ƙura. Ranar da ya fi daraja kuwa ita ce ranar ruwan Agusta, sa'ad da aka rufe tagogi ruf, mutum 19 suna numfashi a cikin Hiace ɗaya, gilashin gaba ya yi fari fat kamar an shafa masa koko. Sai ka ga direba ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan yana goge ɗan wurin da zai leƙa, kafin ya koma ya jingina wurin ya sake rufewa.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. Idan gogewar ta ɗauki sakan 3, an yi mita 66 ke nan ba wanda ke ganin hanya sosai, fiye da rabin tsawon filin ƙwallo. Duk wanda ya san wannan hanya ya san abin da kan fito a cikin mita 66: amalanken shanu, jakin da ya tsaya cak a tsakiyar kwalta, babbar motar da ta mutu aka jera mata ganye a baya. Abin da ke ci mini rai shi ne, a gaban direban nan, ƙasa da kamu ɗaya daga hannunsa, akwai maɓallin da aka yi musamman domin wannan matsala. Alamarsa hoton gilashi ne mai ɗan lanƙwasa da kibiyoyi uku masu karkace suna hawa sama. Na sha tambayar direbobi a shirina na rediyo ko sun san aikinsa. Waɗanda suka sani suna nan, amma da yawa cewa suke yi abin Turawa ne, na ƙasar ƙanƙara.

Abin da ke taruwa a gilashin ruwa ne, irin wanda ke tsattsafowa a jikin kwalbar lemo idan an fito da ita daga firji. Iska tana ɗauke da ruwan da ido ba ya gani, kuma yawan abin da take iya ɗauka ya danganta da zafinta. A digiri 30, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa. A digiri 20 giram 17 kawai take iyawa, a digiri 10 kuwa giram 9. To, ga fasinjoji sun shigo da jiƙaƙƙun tufafi, kowa yana fitar da numfashi mai laima, cikin mota ya yi ɗumi, a waje kuma ruwan sama yana dukan gilashi yana sanyaya shi. Iskar da ta taɓa gilashin sai ta huce, ta kasa riƙe kayanta, ta sauke su a nan. Tsumma yana kwashe wanda ya sauka, amma iskar tana nan da sauran kaya, shi ya sa gumin yake dawowa tun ba a ajiye tsumman ba. Ga shi kuma tsumma yana barin maiƙo, wanda da dare yake tarwatsa hasken fitilar motar da ke tahowa.

Magani iri biyu ne: ko a busar da iskar, ko a ɗumama gilashin. Wanda ya fi sauri shi ne a haɗa su. Na'urar sanyaya mota, wadda mu a Nijar muke ce wa kilim, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su ce esi, ba sanyi kaɗai take bayarwa ba. A cikinta akwai wani ƙarfe mai sanyi ƙwarai da iska ke ratsawa, a jikinsa ruwan yake sauka ya tsiyaye ƙasa. Wannan ne ɗigon da kake gani a ƙarƙashin motar da ta tsaya da kilim a kunne. Iskar da ta fito daga nan busasshiya ce, idan kuma aka bi da ita ta cikin hita ta yi ɗumi, sai ta zama mai ƙishirwa, ta lashe gumin gilashi cikin ɗan lokaci. Saboda haka ne a motoci da yawa, da ka murza zuwa alamar gilashi, kilim yake tashi da kansa ba ka ce masa ba. Sai dai a kula da ɗaya maɓallin, mai hoton mota da kibiya tana juyawa a cikinta. Shi iskar ciki yake ta maimaitawa, wato numfashin fasinja ake kwasowa ana sake watsa wa gilashi. A ranar ruwa a kashe shi. Idan motar ba ta da kilim sam, a ɗan sassauta taga biyu, ko da yatsa ɗaya ne, fasinjan da ke gefe ya yi haƙuri da feshi.

Akwai kuma gumin da ke fitowa ta waje, wanda masu zuwa Kwatano ko Legas suka fi sani. Idan iskar gari ta cika da laima kuma kilim yana hura sanyi kai tsaye a kan gilashi, sai ruwan ya taru a fuskar waje. Wannan waifa ce maganinsa, sannan a kawar da iskar daga gilashin.

Direbobi suna ce mini kilim yana shan mai, kuma gaskiyarsu ce, yana sha. Ban taɓa musa wa wanda zai kai wa mai mota kuɗin yini cewa kowace lita tana da muhimmanci ba. Amma minti 10 ko 20 na ruwan sama ake magana a kai, ba yini guda ba. A ganina wannan ba wurin tattali ba ne.

Ɗumin hita kuwa, a motar fetur, ba ya ƙara maka komai in ban da ƴar wutar fanka. Dalilin ba abin alfahari ba ne ga injin. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga ƙarfin da ke cikin fetur, kashi 12 zuwa 30 cikin 100 ne kawai ke isa ga tura mota. Mafi yawan sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ruwan lagireto ya kwashe shi ya watsar a iska. Wato a kowace lita 10 da ka saya, aƙalla 7 ba su tura ka ko taku ɗaya ba. Ruwan da ke zagaya injin yana kai wajen digiri 90, sai masu ƙera mota suka ja tiyo biyu daga nan zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan allon gaban direba, fanka ta hura iska ta cikinsa. Hita ke nan gaba ɗayanta. Rarar tuwon da za a zubar ce aka ɗebo maka.

Motocinmu yawanci sun fara rayuwarsu ne a Turai, suka iso ta tashar ruwan Kwatano da hitarsu lafiya lau. A nan ne take gamuwa da ajalinta. Na taɓa zama a garejin wani dattijon bakanike a Maraɗi ina kallo yaransa suka zare tiyon nan biyu daga jikin wata mota suka haɗa su da juna, domin ƙaramin lagireton ya fara yoyo a kan ƙafar fasinja. Na ce, "Baba, ranar ruwa fa?" Ya ce, "Ɗana, kafin a kai ga abin nan sai an kwance gaban motar duka. Yini biyu. Mai motar zai biya yini biyu saboda ɗumi a Maraɗi?" Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma na san da yawa za su bi bayansa. Abin da ba ya cikin lissafin shi ne motar nan za ta wuce ta hannun mutum uku ko huɗu, kilim ɗinta ma wata rana iskarsa za ta ƙare a bar shi haka, sai a wayi gari ba hita ba kilim, maɓallin yana nan amma ba abin da yake turowa sai iskar da ta jiƙe. Kuma sanyin ma ba baƙonmu ba ne. Wanda ya taɓa tashi daga Agadas da asuba a watan Janairu ya san yatsu kan ƙage a kan sitiyari.

Wani mai saurarenmu, mutumin Tawa da ke zaune a Biljiyam yana rarraba kaya da motar lantarki, ya aiko mini da saƙon murya a wani lokacin sanyi. Ya ce da rigar sanyi da hula yake tuƙi, ɗumin kujera kawai yake kunnawa, domin da zarar ya taɓa hita sai ya ga lissafin kilomitan da suka rage masa ya zube a gaban idonsa. Daga wannan saƙo ne na soma bin ɗaya ɓangaren maganar.

Injin lantarki ba ya zubar da tuwo. Mafi yawan wutar da ya ja daga batir yana mayar da ita tafiya, zafin da yake fitarwa bai isa ya ɗumama ɗaki ba. Don haka duk ɗumin da mutum zai ji, daga guzurin hanyarsa ake yankowa. Guzurin kuwa ba shi da yawa. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen kilowat 9 na awa guda. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a ƙarshen 2010, batirinta 24 yake ɗauka, wato bai kai lita 3 ba. Hitar irin waɗannan motoci, wadda ke aiki kamar dutsen guga, tana iya jan kilowat 5 idan sanyi ya tsananta. Awa ɗaya a haka, kashi ɗaya cikin biyar na batirin ya tafi ko da motar ba ta motsa ba.

A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin lantarki guda 5. A sanyin da ya kai kusan digiri 7 ƙasa da sifiri, nisan da suke iya zuwa ya ragu da kashi 12 cikin 100 idan ba a kunna hita ba. Da aka kunna, ragin ya kai kashi 41. Wannan matsala tsohuwa ce, har ta taɓa haifar da abin dariya: Peugeot 106 ta lantarki da aka yi a Faransa a shekarun 1990 tana da ɗan ƙaramin tankin fetur, ba don tafiya ba, don hita kaɗai. Har yanzu a ƙasashen sanyi akwai manyan motocin fasinja na lantarki da ke ƙona gas domin ɗumama mutane.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda za mu iya kira famfon zafi. Taɓa bayan firjinka, za ka ji ɗumi, domin firji kwaso zafi yake yi daga ciki ya kai waje. Famfon zafi firji ne da aka juya, yana kwaso zafi daga iskar waje, ko da tana da sanyi, ya shigo da shi cikin mota. Da yake ɗauko zafin yake yi, ba ƙirƙirarsa ba, wutar da yake ci kan zama rabi ko sulusin ta hitar dutsen guga, ko da yake ƙarfinsa yana raguwa idan sanyi ya yi tsanani ƙwarai. Nissan ta sa shi a Leaf a 2013, Tesla kuma ta soma da Model Y a 2020. Sauran dabarun ƙanana ne amma suna aiki. A ɗumama kujera da sitiyari maimakon iskar mota duka, tunda mutum ake so ya ji ɗumi. A ɗumama motar tun tana jone da wutar gida kafin a fita. A saka siraran wayoyi a cikin gilashin gaba kamar waɗanda muke gani a gilashin baya, abin da Ford ta fara tun tsakiyar shekarun 1980. Da irin waɗannan ne Nowe, mai ƙanƙarar nan, ta kai ga cewa a 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka saya a ƙasar na lantarki ne zalla.

Mu kuma namu lissafin ta ɗaya gefen zai zo. Gwajin AAA ɗin ya nuna cewa a zafin digiri 35, kunna kilim yana rage nisan tafiya da kashi 17, Yamai kuwa a watan Afrilu tana wuce 40 ba tare da an yi mamaki ba. Motocin suna tafe. Habasha ta hana shigo da motocin fetur da na gas a 2024, kuma Adis Ababa, mai tsayin fiye da mita 2,300 da damina mai sanyi, tana buƙatar hita da kilim duka. Abin da Turai da Sin suke hawa yau, shi ne gwanjon da zai sauka a tashoshin ruwanmu nan da ƴan shekaru, da batirin da ya riga ya fara gajiya. Fargabata ita ce direban da yake kashe kilim saboda man da ba ya gani yana raguwa, yaya zai yi ranar da allo ya riƙa nuna masa kilomitansa suna zubewa tsakanin Doso da Dogondutsi, ga hadari ya haɗo? Zai kashe komai. Alhali busar da gilashi a ruwan Agusta kilim kaɗai yake nema na ɗan lokaci, abin da bai kai ko kusa da cin hitar ƙasar ƙanƙara ba.

Dabarar Baba ta haɗa tiyo ma ba za ta yiwu a nan ba. A yawancin motocin lantarki hita da kwamfiresa suna jan wuta ne kai tsaye daga babban batir, wajen bolt 400, ta cikin wayoyi masu launin lemo waɗanda taɓa su ba tare da horo ba kan iya kashe mutum. A da yawa daga cikinsu kuma kilim ɗin da ke sanyaya fasinja shi ne ke sanyaya batirin, don haka barinsa a mace yana rage wa batirin kwana. Ko man da ake zuba wa kwamfiresarsu daban yake, irin wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, kuma idan mai cika iskar kilim na bakin titi ya ɗura na motar fetur, motar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.