Bazara a Gwangwanin Madara

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, domin wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu mazauna Sharaɗa da lokacin shiga aiki da na tashi muke lissafin rayuwa. Iyayen yaranmu akasari leburori ne, wani a majemar Challawa, wani a kamfanin roba, wani kuma tun da masaƙun Bompai suka rufe yake jan Adaidaita Sahu. Yaro ya tashi ya san warin ruwan jima, amma bai san bambancin kaka da hunturu ba. Ya buɗe littafin makaranta kuma ya tarar da yanayin Ingila, wai bazara lokacin furanni ce da iska mai sanyi. Wace bazarar? Tamu daga Maris zuwa Mayu take, zafi ya haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya. A irin lokacin ne sanƙarau ya yi mana ɓarna a Kano a 1996.

Shi ya sa na jinjina wa malamar 'yata ta aji biyu, wadda ta ware rana guda a ƙarshen Afrilu domin yara su san bazararsu. Da hantsi suka kafa sanda a fili, lokaci-lokaci suna ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta. Inuwa ta yi ta gajarcewa har ta kusa ɓacewa a gindin sandar, sannan ta karkata gabas. Malama ta ce, "Da haka kakanninku suke gane shigar Azahar." Suka shanya yankakken tumatir a tabarma, suka ji cewa rana ce ke mai da shi kauɗar da ake miya da ita. Ta ba su labarin gawo, bishiyar da ke ganye da rani ta zubar da damina. Daga ƙarshe kowa ya shuka ƙwayar wake a gwangwanin madara.

Wani uba ya zo a fusace, ya ce bai kawo ɗansa a koya masa bikin rana ba. Malama ta ce, "Baba, Mai ranar muke gode wa. Ai sura guda ce a Alƙur'ani take ɗauke da sunanta." Ya yi shiru, ya ƙare da taya ɗansa huda gindin gwangwani.

Ruwa a gidanmu na saye ne wajen 'yan garuwa, don haka 'yata ta koma tara ruwan alwalarta tana bai wa wakenta. Ranar da ya tsiro, ihunta sai da ya fito da maƙwabta. Yanzu kullum da yamma takan leƙa gabas, ta ce mini, "Umma, hadari ya kusa."

Mu marubuta ma da sauran aiki a gabanmu. Mun cika littattafanmu da falo mai na'urar sanyaya ɗaki, mun manta da iskar bazara da ƙamshin ruwan farko. Yaron da bai san sararin garinsu ba, wa zai sa ya yi kishin ƙasarsa?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.