Kamun kifi a bakin tekun Kwatano lokacin zafi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, da yawa cikinmu ba su taɓa ganin teku ba. Ni ma sai da na bi wani ƙanena direban kamyo zuwa Kwatano, a ƙasar Benin, kafin a rufe gadar Gaya a 2023. Daga Yamai tafiyar ta fi kilomita 1000. A Kwatano ne aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1965, kuma shekara da shekaru ta nan kayan ƙasarmu suka riƙa shigowa.

Mun isa cikin watan Maris, tsakiyar zafinsu. Ranarsu ba ta kai ta Tawa ƙuna ba, amma iskar jiƙaƙƙiya ce, zufa ba ta bushewa. Muka yi kwana tara muna jiran lodi. Zaman banza ya ishe ni, sai na riƙa zuwa bakin ruwa.

Can akwai wata doguwar datsiya ta manyan duwatsu da aka jera, ta shiga cikin teku don ta karya ƙarfin igiyar ruwa. A kanta talakawa marasa kwale-kwale suke fatsa. Kayan aikinsu kaɗan ne: zaren nailan, ƙugiya, ɗan guntun dalma don ta nutse, da jatan lande ko ƙananan kifi da ake saƙala wa ƙugiyar.

Ran farko na je da azahar, ban tarar da kowa ba sai wani dattijo yana gyaran zare. Ya iya Hausa, don ya daɗe kusa da Zango. Na ce: "Baba, ina mutane?" Ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, saniyarka tana kiwo da tsakar rana? Kifi ma inuwa yake nema. In rana ta take, sai ya sauka ƙasa inda ruwa ke da sanyi. Ka dawo da asuba."

Shi ya koya mini cewa teku ba kamar tabkin Madarunfa ba ne. Ruwansa yana cikowa, yana janyewa, sau biyu kowace rana, kowane wajen awa 6. Kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi ran tsayuwar wata da daren sha huɗu. In ruwa na cikowa, yana turo ƙananan kifi gindin duwatsu, manya su biyo su. Wanda bai san wannan lissafi ba, ya wuni a banza.

Da asuba na dawo. Kafin hantsi dattijon ya kama kifi biyar. Ɗaya dogo ne mai haƙora kamar na kare. Wani kuma ya yi kama da ƙurungu, ƙayarsa da dafi, sai da ya karya ta kafin ya riƙe shi. Nan take ya farke cikinsu, ya rufe su da jiƙaƙƙen buhu, ya ce cikin wannan zafi kifin safe ba ya kai la'asar. Biyu na gida, uku na sayarwa, kuɗin garin masara ke nan.

Ga gargaɗinsa ga yaranmu masu zuwa cin rani gaɓar teku. Kada ka ba teku baya, igiya ɗaya tana share mutum daga kan dutse. Kada ka taka dutse mai gansakuka. Kada ka sha ruwansa, kowace lita tana da gishiri kamar giram 35, ƙishi zai ƙara maka. Ka tafi da gorar ruwanka da malafarka.

Da muka kama hanyar gida, na yi ta tunanin dattijon nan. Yana duban wata ya san ran kamu, kamar yadda muke duban gabas mu san ran shuka. Allah ya ba kowa sa'ar sana'arsa, ya ba mu damana mai albarka. Amin.