Guntun Wayar da Na Saka a Akwatin Inji

Tun da Gabon ta hana fitar da gungumen katako ɗanye a 2010, kasuwar masu gyaran lantarki ta buɗe a Libreville. Itacen okume da a da ake lodawa a jirgi yadda aka saro shi a tashar Owendo, yanzu sai an fere shi, an yanka shi falle-falle, an matse. Manyan masana'antu suka tare a Nkok, ƙanana suka bazu daga Oloumi zuwa hanyar Owendo. Mu mazauna Lalala muna tsakiya, ko ta ina aka kira ka, kusa ne. Nan na samu abincina, nan kuma na yi gangancin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Duk injin kirki yana da ƙaramar na'urar tsaro a cikin akwatinsa. Kamfanin Pilz na Jamus ya fito da irinta a 1987, yau kuwa kamfanoni da dama na ƙerawa. Aikinta sa ido a kan jan maɓallin tsayar da inji da ƙofar shingen da ya kewaye shi. In an danna maɓallin ko an buɗe ƙofar, sai ta saki kontakta biyu da ke jere a kan hanyar wutar motar injin. Biyu ne don in ɗaya ta ƙi saki, ɗayar ta yanke. Kuma ko an rufe ƙofar, ba ta komawa aiki sai mutum ya zo da hannunsa ya danna maɓallin sake ɗanawa, galibi shuɗi.

Ranar da na yi gangancin, cikin ruwan Nuwamba, wuta ta ɗauke a wata masana'antar fere katako, ta dawo, amma layin injinan ya ƙi tashi, aka kira ni. Na danna shuɗin maɓalli har yatsana ya gaji. Ƙofa a rufe, jan maɓalli a sake, na'ura ta kafe. Ga mota ta zo ɗaukar kaya, ga mai wurin a tsaye a kaina yana duba agogo. Sai na yanko guntun waya, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, na haɗa bakin na'urar guda biyu da shuɗin maɓallin ke shiga. Fitila ta koma kore, inji ya ɗauka. Har tukuici aka ba ni.

Abin da ban tsaya na duba a zanen wayoyin ba shi ne, ba maɓallin kaɗai ke kan wannan hanyar wuta ba. Ta nan ne na'urar ke tabbatar da cewa kontaktocin nan biyu sun saki da gaske. Ɗaya daga cikinsu ta narke ta manne lokacin da wutar ta dawo da ƙarfi. Na'urar lafiyarta lau. Ta ga aibin, shi ya sa ta ƙi. Ni kuwa da waya ɗaya na toshe mata ido, na kuma mai da ita mai ɗana kanta da zarar ƙofa ta rufu.

Ba a jima ba fallen katako ya maƙale a bel. Wani yaro ɗan ƙasar ya buɗe shinge, injin ya tsaya kamar yadda ya saba, ya shiga ya durƙusa yana ja. Abokin aikinsa ya zo wucewa da kaya, ya ture ƙofar da kafaɗa. Makunnin bel ɗin irin na murɗawa ne, an bar shi a kunne. Bel ya ja. Hannun rigar yaron ya tafi, fatar damtsensa ta saluɓe, Allah ya sa akwai wanda ke kusa da jan maɓalli. Kontakta ɗaya tak da ta rage ita ta tsayar da shi. Da ita ma ta manne, da wani labarin ake yi.

Mutane suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na so in fake a nan. Wani dattijo mutumin Damagaram, wanda ya riga mu shiga sana'ar, bai bar ni ba. Ya buɗe akwatin, ya zaro wayar, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ɗana, wannan aikin wa?"

"Nawa ne, Baba."

"To, je ka faɗa musu da bakinka kafin su ɗora wa yaron."

Na je na faɗa, ga mai wurin, ga iyayen yaron. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba.

Da shi muka gyara. Ya kashe babban makunni, ya sa kwaɗonsa, ya jefa makullin a aljihu, ya gwada da mita ya ga babu wuta, ya sace iskar da ta rage a bututu, sannan ya taɓa ƙarfe. Muka canza kontaktar. Muka cire makunnin murɗawa muka sa maɓalli, domin ƙa'idar ISO 13849 ta fayyace cewa sake ɗanawa bai kamata ya tayar da inji ba. Tayarwa mataki ne daban. Shuɗin maɓallin ma muka ɗauke shi daga bayan akwati zuwa inda mai dannawa zai ga cikin shingen gaba ɗaya, kuma wanda ke ciki ba zai iya miƙo hannu ya kai gare shi ba.

Har yanzu ana kirana in layi ya ƙi tashi, kuma har yanzu akan ce, "Malam, ka ɗan haɗa mana shi zuwa yamma." Nakan nemi zanen wayoyi da sa'a guda. Wasu su ba ni. Wasu kuwa su sallame ni da kuɗin tasi, su kira wani.