Kaskon Wuta a Ɗakin Mai Jego

Mu Hausawa mun ɗauki sanyi babban abokin gabar mai jego. Shi ya sa muke tafasa mata ruwan wanka har kwana 40, mu dama mata kunun kanwa, mu shigar da kaskon gawayi ɗakinta, mu rufe ƙofa da taga. Gata ne, ban musa ba. Sai dai akwai matar da wannan gata yake iya kai ta kushewa, ita ce mai hawan jinin huhu.

Ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a damtse ba. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu ne suke ƙuntata, sai ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turi har ya gaji. Amosanin jini yana haifar da shi, haka ma wasu cututtukan zuciya. Juna biyu kuwa yakan ƙara jinin jikin mace da kusan rabi, kaya ne da gajiyayyar zuciya ba ta iya ɗauka. Kwanakin da suka fi haɗari su ne na farko bayan haihuwa, wato daidai lokacin da muke hura mata wuta.

Idan iska mai kyau ta yi ƙaranci a huhu, jijiyoyin nan ƙara tsukewa suke yi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da guba marar wari wadda ke hana jini ɗaukar iska. Tun kafin haihuwa ma, hayaƙin murhu yana cikin abubuwan da ke jawo bakwaini da jariri marar nauyi. Kanwa kuma ruwa take tarawa a jiki. Likitoci a Zariya sun danganta ta da gazawar zuciyar masu jego tun wajejen 1970.

Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Damagaram da Maraɗi ta fi ƙarfinmu. Kasko bai fi ƙarfinmu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke karɓar haki. Mace ta taka kaɗan ta tsaya tana neman numfashi, ƙafafu sun kumbura, wani lokaci har da suma, sai a ce nauyin ciki ne. Idan cikin fari ne, kunya ma ba za ta bar ta ta yi ƙorafi ba, alhali hoton zuciya take buƙata da haihuwa a babban asibiti.

A gidanmu yanzu kasko ba ya kwana a ɗakin mai jego. Bargo muke ƙara mata. Gwaggona har yau tana ganin rashin tausayi ne.