Gidan Muƙami Ba Kayan Gwanjo Ba Ne

Duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi rauni, sai an sami mai ba da shawarar a sayar da gidan muƙami, wato gidan da hukuma ta tanada domin duk wanda ya hau wata kujera ya zauna a ciki, ya fita ranar da ya sauka. Masu bibiyar wannan shafi daga Parakou da Djougou a Jamhuriyar Benin sun san marubucinsa ya sha yin ƙorafi a kan haka, kuma hujjar da ake kawowa ba ta sauya ba: gini ya tsufa, gara ta ci rufi, kwano na yoyo da damina, gyara kuma na cin kuɗi.

Najeriya ta riga ta gwada. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin biyan jami'ai kuɗin muhalli a madadin ba su gida, sannan daga 2005, zamanin Nasiru el-Rufa'i yana ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, har da na 'yan majalisa a unguwar Apo. Daga baya gidan Shugaban Majalisar Dattawa ma ya koma mallakar wanda ke kan kujerar, abin da ya sa aka dawo ana ware kuɗi a kasafi domin gina wa magadansa wani. Kuɗin cinikin sau ɗaya suka shigo baitulmali, alawus ɗin haya kuwa kowace shekara sai an biya, tamkar manomin da ya sayar da gona ya sayi hatsin shekara guda.

Za a ce marubucin yana kare bulo da siminti alhali ma'aikata na jiran albashi, kuma wannan magana tana da nauyi, sai dai albashi wata-wata yake dawowa, gidan kuwa ba ya sayuwa sau biyu. Gidan da Firimiya Ahmadu Bello ya zauna a Kaduna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, ba a kai shi kasuwa ba. A 1970 aka mai da shi cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai na shiga suna duba tsofaffin takardu har yau. A Kwatano ma, gidan da tsohon shugaban Benin Mathieu Kérékou ya daɗe a ciki an rushe shi, abin da bai yi wa wasu daɗi ba, amma filin ya zama lambun jama'a, bai faɗa hannun wani attajiri ba.

Gidan muƙami amana ce, kuma mai riƙon amana ba shi da hurumin yi wa kansa farashi. Yoyon da ake fakewa da shi kuwa, kowane magini ya san maganinsa: a share indararo, a sauya kwanon da ya huje kafin ruwan farko.