Kaset ɗin Shata da Baba Ya Bari

Yau ba labarin saurayi da budurwa na zo maku da shi ba, amma in kun yi haƙuri za ku ga soyayyar ce dai ta ɓuya a ciki.

Turawa suna da wata al'ada, idan mawaƙi ya shahara sai kamfani ya tsince waƙoƙinsa da suka fi kasuwa ya zuba a faifai guda. Haka aka yi wa Sam Cooke, baƙar fatar Amurka mai zaƙin murya, a 1962, shekara biyu kafin a harbe shi. To mu ma nan Katsina abin ya iso, sai dai masu tura waƙa a waya su ne kamfaninmu. Ka ce a sa maka Shata, nan take za a jero maka Bakandamiya da Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu da sauran waɗanda kowa ya sani, a ce ai ga zaɓaɓɓun nan.

Ni dai ban riski Alhaji Mamman Shata ba. An haife shi a Musawa a 1923, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a watan Yuni na 1999 aka rufe shi a Daura. A kaset ɗin Baba na san shi, kwali guda cike dam a ƙarƙashin gado.

Da Allah Ya yi wa Baba rasuwa, Inna ta fita takaba, sai Yayanmu ya ce a fitar da tarkacen nan, ga shi ya sa an tura mata duk Shata a waya. Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Inna ta saurara kwana biyu ta ajiye, ta ce, "Wannan ai Shatan kasuwa ne, ba na Malam ba."

Sai da muka aro rikoda a maƙwabta muka gane nufinta. Ashe Baba daga rediyo yake naɗa, yana kara rikodarsa kusa da akwatin. Kalangu na tashi, 'yan amshi na karɓa, can sai ka ji tarin Baba, ka ji kukan zakara, ka ji yana cewa, "Ke amarya, shayin nan fa?" Amaryar kuwa Inna ce, shekarunta na farko a ɗaki. Ranar babu wanda bai share hawaye ba, har Yayan da kansa. Washegari shi ya ɗauki kwalin ya kai aka juye su a waya, tari da zakara da komai.

Mai kasuwa abin da jama'a ke so yake zaɓa, ba laifinsa ba ne. Amma kowane gida da nasa zaɓin, kuma ba a sayar da shi.

Don haka 'yar uwa, in ana rabon kayan mamaci kada ki yi saurin cewa wannan shara ce. Zaren kaset yana ruɓewa, damina da zafi ba su raga masa. Ki tambayi tsohuwarki tukuna, a juye tun da sauran murya.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya bar mu da masoyanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.