HULAR GOGGO DA KUƊIN ZUMUNCI

'Yan uwa mazauna zango, na Sabon Ibadan da Shagamu da Agege da sauran wuraren da neman abinci ya kai mu. Yau wata magana ce ke ci mini tuwo a ƙwarya tun da na dawo daga gida hutun Babbar Sallah, kuma ina ganin ta shafi kowannenmu, domin da wuya ka samu ɗaya daga cikinmu da ba ya kafa hula ranar Juma'a.

Kafin in tafi gida, wani aboki ya ja ni wani kanti a Legas inda ake sayar da kayan gargajiya ga masu hannu da shuni da baƙi 'yan ƙasashen waje. Nan na ga huluna irin namu, zanna da damanga, an jera su cikin gilashi. Kowace an rataya mata 'yar takarda da Turanci, cewa ɗinkin hannu ne na matan Arewa, ba ya cutar da muhalli, kuma mai saye yana taimakon talaka. Abin da ake yayi kenan yanzu a duniyar sutura, musamman tun bayan da benen Rana Plaza ya rufta da masu ɗinki a Bangaladash cikin 2013, mutum fiye da 1,100 suka mutu, masu saye a Turai da Amurka suka fara tambayar wa ya ɗinka musu kaya, kuma nawa aka biya shi. Na juya takardar gaba da baya, ban ga sunan matar da ta yi ɗinkin ba, ko sunan garinta.

Da na isa Azare, bayan gaishe-gaishe, na shiga wajen Goggo, ƙanwar mahaifina. Tun ina yaro ɗinkin hula na san ta da shi. Na same ta a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi yawa, ta kusa haɗa hular da hancinta saboda ido ya fara gajiya. Na tambaye ta yadda harkar take tafiya. Ta ce dillali ne ke kawo yadi da zare, an riga an fitar da zane, ita nata cikewa. Hula mai ƙananan aiki takan ci mata mako uku zuwa wata guda, tsakanin girki da wanki da jikoki. In ta gama ya karɓa, ya kai wa masu wanki da bugu su gyara, sai kasuwa. Kuɗin aikinta kuwa sai hula ta shiga. In an ga tabo ko zare ya karkace, a zaftare mata wani abu. Da na lissafa abin da take samu, na tuno kuɗin da na gani a kantin nan na Legas, sai na ga ko kashi ɗaya cikin goma bai kai hannunta ba.

Na fara faɗa, ina cewa wannan ai zalunci ne. Goggo ta ajiye allura ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, shi dillali ko banza yana kawo zare. Huluna shida da ka sa na yi maka na bikin bara, wa ya sayi zaren?"

Mai karatu, na yi shiru. Ita ta sayi zaren. Ni ne na yi ta ciniki a waya ina cewa a yi mini kuɗin zumunci, kuma sai bayan wata huɗu na aika da kuɗin, shi ma sai da aka yi mini tuni. Ni ɗin nan da nake shiga kanti a Dugbe in biya kuɗin takalmin kamfani yadda aka rubuta, ban taɓa cewa a rage ko sisi ba.

Ɓatan sunan mai sana'a ba yau ya fara ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme da bagaruwa, raƙuma suka tsallaka Sahara da ita, da ta isa Turai sai aka riƙa kiran ta fatar Maroko, don daga can ta hau jirgin ruwa. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kai wa har Timbuktu da Tarabulus. Mu ma ƙasar Guddiri muna kan wannan hanya ta fatake tsakanin Kano da Barno, kuma ta Katagum Clapperton ya bi a 1824, tun kafin a mayar da fadar masarauta Azare a 1916. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da mazari, maza sun yi saƙa, an kai karofi an rina da baba, an buga har ya yi ƙyalli. Abin da Turawa ke nema yanzu da tsada, wato auduga ta gida da rini na ganye da aikin hannu mai ƙarko, shi muke yi tun fil azal. Yau ka je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, za ka ga ramuka da yawa babu mai aiki a kansu. Masaƙun zamani ma ba su tsira ba, don masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Ga kuma hular inji mai arha da ake kwaikwayon zanen matanmu a kai, ta cika kasuwa.

Maƙwabtanmu sun ɗan farka. A Burkina Faso, tun zamanin Thomas Sankara aka ɗaukaka saƙarsu ta faso dan fani, har yanzu shugabanni na alfahari da ita. Kenten Gana ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2024. Mu ma a nan, hoton Ladi Kwali maginiyar tukwane na bayan takardar naira 20, shaidar cewa mai aikin hannu na iya yin suna in an ambace shi.

To mu mazauna zango fa? Mu ne babbar kasuwar huluna da manyan riguna, domin a baƙon wuri da su ake gane mu. Ba sai mun jira gwamnati ba. In za ka ba da aiki, ka ba da kuɗin zare tun farko. Ka tambayi kwana nawa aikin zai ci, ka auna da abin da kai za ka yarda a biya ka a waɗannan kwanaki. Ranar da ka karɓi kaya ka biya, tunda yanzu da waya ake tura kuɗi. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya na iya haɗa odar Sallah su kai kai tsaye ga matan unguwanninsu. Dillali ma yana da haƙƙinsa, shi ke yawo da kaya, amma a san nawa ne nasa, nawa ne na mai allura. In kuma za ka sayi hula, ka tambayi mai tebur daga wane gari take, ko da zai yi maka dariya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jikar Goggo, yarinya mai hannu, ta ce ita ba za ta koya ba, gara ta sayar da awara, kullum da kuɗinta a hannu. Ban iya ce mata komai ba, don lissafinta daidai ne.

Kafin in taho na kai Goggo aka auna mata ido aka ba ta tabarau, na cika mata abin da na danne na bara. Na kuma roƙe ta ta riƙa sa wata 'yar alama a cikin kowace hula, yadda za a san aikinta ne. Ta yi dariya ta ce ita tun tana amarya take ƙulla jan zare sau uku a bakin kowace hula daga ciki, babu dai wanda ya taɓa dubawa. Na cire tawa na duba, ga shi kuwa.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane. Sai mun sake haɗuwa.